Kurtu Ba Ya Ribas

Yayana direban bas ne, ko in ce direba ne har ranar da gwiwa da ido suka haɗa baki suka sauke shi. A unguwa babu mai kiransa da wani suna sai Direba, har matarsa, Allah ya jiƙanta, idan ranta ya ɓaci haka take ce masa. Ni kaɗai nake kiransa Yaya. Shi kuma har gobe "yarinyar nan" yake ce mini, ga furfura ta cika mini kai, ga jikoki.

Da wankin mota ya fara a garejin kamfanin bas na gari, ya zama kwandasta, daga baya aka damƙa masa sitiyari. Shekara talatin da ɗoriya hanya ɗaya ya bi: daga tasha zuwa kasuwa, daga kasuwa zuwa asibiti, a haye gada, a zaga shataletale, a dawo. Ya san kowane rami a titin nan, ya san inda ruwa ke kwanciya, ya san tsohuwar da kullum sai bas ta tashi take ɗaga hannu. Bai taɓa ko goge wa motar wani fenti ba, kuma idan ka zauna kusa da shi sai ka ji wannan labari ko ba ka tambaya ba. A cikin bas bakinsa ba ya hutawa, yana faɗa da masu babur, yana tsokanar 'yan kasuwa. A gida kuwa sai ka rantse sayen magana yake yi. Ya fita yara ba su tashi ba, ya dawo suna gyangyaɗi. Matarsa ce kwandastan gidan. Ita ke karɓar magana daga wurin yara ta kai gaba, ta karɓo amsa ta kawo baya. Da ta rasu sai aka ga ashe babu wanda ya san hanyar zuwa wurin wani.

Bayan rasuwarta na dawo gidan da keken ɗinkina, domin nawa mijin ya riga ta tafiya, 'ya'yan Yaya mata duk suna gidajensu a nesa, shi kuma ko ruwan shayi ya ɗora sai ya ƙona tukunya. Tagar ɗakina tana kallon baranda, don haka abin da zan faɗa a gabana aka yi shi.

Auta shi ne namiji ɗaya a cikin 'ya'yan Yaya. Ya yi karatu mai zurfi, ya sami aiki a wata masana'anta a can nesa, yana zana injuna a ofis. Wata rana sai ga shi da jaka ɗaya da wani faffaɗan akwatin katako a hammata. Ba korarsa aka yi ba, iyakar saninmu, ba kuma wata ce ta yaudare shi ba. Ya gaishe mu, ya wuce ɗakin ƙarshe, ya rufe ƙofa. Mutum ya haura talatin, lafiyayye a ido, amma sai dai a ajiye masa abinci a bakin ƙofa, a zo a ɗauki kwano an ɗan tsakura. Likita ya ce ciwon damuwa ne, ya rubuta ƙwayoyi. Auta ba ya faɗa, ba ya kuka, ba ya neman komai. Ni da zai fito ya farfasa mini kofuna da na fi jin daɗi.

Yaya bai san abin da ake yi da irin wannan ba. Da inji ne ya ƙi tashi, da ya buɗe bonet. Sai ya je ƙofar ya tsaya, ya yi tari, ya gyara hula, ya dawo. Ya fi wata yana wannan zirga-zirga. Ran nan, don dai ya rasa abin cewa, na ji ya ce wa ƙofar, "Wancan akwatin da ka zo da shi, na mene ne?"

Har ya juya, sai aka buɗe.

Ashe allon ces ne, darar nan ta Turawa mai gidaje fari da baƙi. Auta ya fito da shi baranda bayan la'asar, ya buɗe a kan ƙaramin tebur, ya jera 'ya'yan. Ga sarki, ga sarauniya, ga dawakai, ga hasumiya a kowace kusurwa, ga wasu biyu masu tsagaggiyar hula da ke tafiya a karkace, waɗanda Yaya ya raɗa wa masu hula. A gaba kuma layin ƙananan sojoji, su ma ya ce kurata ne. Auta ya juya masa farare.

"Kai za ka fara, Baba."

Na tsayar da keke. Rabon da in ji muryar yaron nan ta haɗa kalma huɗu har na manta.

Yaya kuwa, Allah ya ba mu haƙuri, ban taɓa ganin wanda wasa ya ƙi kamarsa ba. Kullum daga gefen allo yake farawa, ya tura kurtun bakin hanya, wai mai hankali gefen titi yake bi ya bar wa mahaukata tsakiya. Dokinsa a miƙe yake tafiya kamar akuyar da ta hango ganye. Ya manta wane ne sarki wace ce sarauniya. Kowane taku sai ya yi kuskure, kowane kuskure kuma sai Auta ya buɗe baki.

"Doki ba haka yake tafiya ba, Baba. Biyu gaba, ɗaya gefe."

"Ka bar sarauniyarka a fili. Mayar da ɗan da ka taɓa, ka sake tunani."

Wata rana Yaya ya tura kurtu, ya ga za a cinye shi, sai ya ja shi baya a hankali yana kallon gefe.

"Kurtu ba ya ribas, Baba."

"Wace irin mota ce babu ribas? Wa ya ba ta takardar hawa titi?"

Auta ya yi wani ɗan sauti ta hanci. Ba dariya ba ce sosai, amma 'yar uwarta ce. Ni ina ɗaki na cusa bakin zane a bakina don kada su ji ni, hawaye na zuba a kan rigar mutane.

Haka aka ɗauki lokaci. La'asar ta yi, ƙofa ta buɗu, a yi wasa ɗaya, Auta ya cinye, ya kwashe 'ya'yansa a akwati ya koma. Wasa ɗaya tak, ba ya ƙarawa. Abin da ke cin ran Yaya ke nan. Kafin shayinsa ya huce an gama da shi, ƙofa ta rufe sai gobe. Ya taɓa tambayarsa, "Me ya sa kake gamawa da ni da wuri haka?" Auta yana rufe akwati ya ce, "Tun a buɗin wasa kake mutuwa, Baba."

Maganar ta zauna wa Yaya a kai. Da yamma ya leƙo tagata.

"Yarinyar nan, kin ji abin da ya ce? A buɗi nake mutuwa. Wa zai so zama da wanda bai iya komai ba? Gajiya zai yi da ni. In na iya buɗin nan wasa zai yi tsawo, in wasa ya yi tsawo zai daɗe a zaune. Wata rana ma ya ce a ƙara."

Na ce, "Haka ne, Yaya." Lissafin ya yi mini daidai. Kowa ka gaya wa zai ce daidai ne.

A bakin titinmu akwai mai kemis, wanda a wurinsa muke sayen ƙwayoyin Auta. Mutum ne siriri mai tabarau, yana da allon ces a bayan kanta, yana wasa shi kaɗai idan babu ciniki. Yaya ya je ya same shi kamar mai neman aiki, ya tuɓe hula. Mai kemis ya ji daɗi, don shekara da shekaru yana neman wanda zai yi wa bayani bai samu ba.

Nan Yaya ya ji cewa duk abin da ya sani a titi ƙarya ne a kan allo. Tsakiya ake kamawa, ba gefe ba. A fito da dawakai tukuna, sannan masu hula. Kada a taɓa ɗa ɗaya sau biyu alhali 'yan uwansa suna barci a gida. Kada a fito da sarauniya da wuri, yara za su yi ta korarta. A ɓoye sarki a kusurwa bayan kurata, hasumiya ta tsaya masa gadi. Kuma ashe kowane buɗi da sunansa, wani na wata ƙasa, wani na wani mamaci. Mai kemis ya zaɓa masa na 'yan Italiya, ya ce shi ya fi sauƙi ga mai koyo.

Sauƙin nan dai Yaya bai gan shi ba. Kan da ya haura sittin ba ya riƙe sabon abu, a zuba da safe kafin azahar ya tsiyaye. Ya yi ta dawowa gida yana gunaguni, har ranar da dabara ta zo masa, ya mayar da buɗin hanyar bas. Kurtun gaban sarki ya yi taku biyu, an bar tasha ke nan. Dokin dama ya fito, an iso kasuwa. Mai hula ya bi ta ƙofar da kurtu ya buɗe ya je ya tsaya yana harar gidan sarkin baƙaƙe, asibiti ke nan. Ɓoye sarki shi ne haye gada. Daga ranar abin ya fara zama.

Da yake allon na Auta ne, kuma Yaya ba ya so ya sani, sai ya zana nasa a bayan kwalin sabulu. Ya kwashe mini maɓallan riga farare da baƙaƙe suka zama kurata, zarurrukana suka zama manya, murfin kwalbar man keke ya hau sarauta. Ni kuma aka naɗa ni abokiyar gaba. Da hantsi, lokacin da muka san Auta na barcin ƙwaya, sai mu baje kwali a ɗakina. Aikina in mayar da amsa yadda mai kemis ya koyar, ba ƙari ba ragi. Idan na gaji na tura wani maɓalli daban, sai Yaya ya tsaya cak kamar ya tarar da an rufe titi.

"Ba nan hanya ta bi ba."

"To Yaya, in shi Auta ya bi ta nan fa?"

"Ba zai bi ba, ya yi makaranta. Mayar da maɓallin nan."

Na sha zagi a kan kwalin nan fiye da wanda na sha a gidan miji. Amma ina tausayinsa. Sai in gan shi a baranda shi kaɗai, leɓe na motsi, yatsa na tafiya a kan gwiwa: tasha, kasuwa, asibiti, gada. Mutumin da bai taɓa sanin ajin da ɗansa yake ba, ga shi yana haddar karatu saboda shi.

Da la'asar kuma ana nan ana wasa ɗaya. Yaya bai fito da buɗinsa ba, yana jira ya nuna sarai, amma zaman kemis ya riga ya fara gyara masa hannu. Dokinsa ya daina tafiyar akuya. Ya daina jan kurtu baya. Ya daina barin sarauniya a fili. Na lura kekena ya rage tsayawa, amma na ɗauka aiki ne ya yi mini yawa.

Ranar da mai kemis ya ce masa ya isa, Yaya ya yi wanka ya sa rigar da yake zuwa karɓar fansho da ita. Auta ya fito, ya jera, ya juya masa farare. Yaya ya kai hannu tsakiyar allo ya tura kurtun gaban sarki.

Auta ya ɗaga kai ya dube shi. Sannan ya tura nasa kurtun. Doki ya fito, doki ya fito. Mai hula ya fita, mai hula ya fita. Ƙwas, ƙwas, ƙwas, kamar ana ɗinki da sabuwar allura. Auta bai kauce ko sau ɗaya ba, duk inda mai kemis ya ce za a bi nan ya bi. Abin da Yaya ya kwashe watanni yana haddacewa, kafin in zare zare daga allura sun wuce shi. Aka haye gada, aka zaga shataletale, hanyar Yaya ta ƙare. Daga nan sai daji. Ya yi ta laluben duhu, yana tura wannan yana tura wancan, amma duk bisa ƙa'ida. Ba a ce masa mayar ba, ba a ce masa sake tunani ba. Auta ya bi shi a hankali ya tsince shi ɗaya bayan ɗaya har sarki ya rasa wurin zuwa.

Wasan ya fi na kullum tsawo, wannan gaskiya ne. Da aka gama Auta ya miƙe, ya miƙa wa ubansa hannu. Suka gaisa kamar waɗanda suka haɗu a ofis. Ya kwashe akwatinsa ya shiga.

Yaya ya zo tagata fuska kamar an yi masa albishir.

"Kin gani? Hannu ya ba ni. Mai kemis ya ce haka manyan 'yan wasa suke yi wa juna."

Na ce na gani. Ban gaya masa cewa tun daga farkon wasan har ƙarshe kekena bai tsaya ba, don babu abin saurare.

Washegari haka, jibi haka. Tasha, kasuwa, asibiti, gada, daji, hannu, ƙofa. Wasa ya yi tsawo, har wani lokaci shayi ya huce a sake ɗumamawa, amma baranda ta koma kamar ɗakin jiran likita. Da can Auta yana kallon hannun ubansa, don bai san irin ɓarnar da zai yi ba. Yanzu ya san duk inda hannun zai je, sai ya kafa ido a bango yana jira. Yaya ya koma kemis ya ƙaro wani buɗin, ya sha wahalarsa, ya kawo. Auta ya san wannan ma.

Yaya ba shi da saurin ganewa, amma ba wawa ba ne. Wata la'asar bayan ƙofa ta rufe ya daɗe a zaune, sannan ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Yarinyar nan, yaushe rabon da ya ce mini Baba?"

Ya san amsar, ni ma na sani, kuma babu abin da ya fi wannan ciwo a duk zaman da na yi a gidan nan.

Kashegari aka jera, aka bar tasha. Da aka zo kasuwa sai Yaya ya ɗauki doki ya tura shi gaba a miƙe, gida biyu, ya ajiye. Ya janye hannu yana kallon gefe, irin kallon da ya yi ranar da ya ja kurtu baya. Na tsayar da keke.

Auta ya daɗe yana duban dokin. Sannan ya dubi ubansa, kallon da ban so na gani ba, don babu fushi a ciki, gajiya ce kawai.

"Ka iya, Baba. Ba sai na gaya maka ba."

Ya tattara 'ya'yan a akwati, wasan ko rabi bai kai ba. Ranar ko hannun ma ba a bayar ba.

Washegari la'asar ta yi, ta wuce, ƙofa ba ta buɗu ba. Bayan 'yan kwanaki na fito shara da safe na tarar da akwatin katakon a bakin ƙofar Yaya, an jingine shi da bango a tsanake. Likita ya canza ƙwayoyi, ya ce irin wannan ciwo yana tafiya yana dawowa, kada mu ɗora wa kanmu laifi. Yaya ya ce to. A hanyar dawowa ya tsaya a kemis, mai kemis ya tare shi da murna yana cewa ya samo masa wani buɗi mai kyau na baƙaƙe. Yaya ya ce wa mai kemis, "Likita, ba ka da wanda ake sha a manta?" Mai kemis ya yi dariya, ya ɗauka wasa ne.

Yaya ya gwada mantawar da kansa. Na gan shi shi kaɗai a baranda yana so ya fara daga gefe kamar da, amma hannun sai ya zarce tsakiya. Hannun da ya yi shekara talatin a hanya ɗaya, idan ya koyi hanya ya koya ke nan.

Yanzu gwiwar ta ƙara tsanani, da sanda yake fitowa. Kwanon Auta yana dawowa kamar yadda aka kai shi, sai abin da ba a rasa ba. 'Yan uwansa mata suna bugo waya, a kai masa har ƙofa, ya ce a gaishe su. Amma duk la'asar Yaya sai ya sa na bar ɗinki na zo na zauna a gefen baƙaƙe. Ya ja teburin ya matsar da shi kusa da lungun da ke zuwa ɗakin ƙarshe, wai nan ya fi iska. Ni ban iya komai ba bayan gada, kuskurena na gaske ne, shi kuma ya zama malamina. Sai dai karatun da yake ba ni da ƙarfi yake bayarwa, fuskarsa na kallon lungu, kuma duk ƙarya ne.

Jiya na tura kurtu, na ga dokinsa zai cinye shi, na ce wayyo.

Yaya ya gyara murya, ya ɗaga ta yadda yake yi a bas idan yana so na kujerar baya su ji.

"Ja shi baya mana, yarinyar nan. Ai kurtu yana ribas idan ya ga hatsari. Haka dokar take."

Na ja kurtun baya. Muka kasa kunne mu biyu wajen lungu. Ana jin fanka tana juyawa a ɗakin ƙarshe, da ƙarar wani babur a titi. Muka jira har babur ɗin ya yi nisa.

"Ƙila barci yake," in ji Yaya. Ya sunkuyar da kai kan allo, ya kai hannu, ya mayar mini da kurtun inda yake.